Ƙayar da Kawu Labbo Yake Sara a Kufai

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Labbo, yayan mahaifiyata. Har yau da zarar an gama yankan dawa, shi yake fara faɗo min a rai.

A cikin dajin gwamnati na wajen Gurbin Bore aka haife shi, a wani ƙauye da ya watse tun yana ƙarami. Baƙo in ya shiga, daji kawai zai gani, ga zabin daji, ga sawun gada. Shi kuwa Kawu gari yake gani: gindin kukokin nan kasuwa ce, ramukan can marina. Kowace kaka ni nake kai shi kufan a babur, ya sari ƙaya ya rufe kabarin mahaifiyarsu don kada shanu su tattake shi. Ni fa, malamin makaranta, sai in sami inuwa in kunna rediyo. Ban taɓa binsa wurin kabarin ba.

Bayan rasuwarsa kowa ya san halin da dajin ya shiga na 'yan bindiga. Nakan ce da yana raye, rashin zuwan nan kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Inna, mahaifiyata, kuwa ta tsufa, ido ya tafi, maganarta ɗaya ce kullum: "Sani, kai ka san wurin. Kada ka bari a taka min uwa."

Bana da aka ɗan sami sauƙi, na bi wani makiyayi muka shiga. Kaburbura sun fi goma, ciyawa ta cinye su, babu wata shaida. Na yi ta zagaye, na ji haushin kaina har na yi hawaye. Da na rasa yadda zan yi, na sari ƙaya na rufe su duka.

Na dawo na durƙusa gaban Inna na gaya mata gaskiya. Sai ta yi dariya.

"Yo shi Labbon ya sani ne? Ina goye ta rasu, shi ko kaciya ba a yi mai ba. Shi ma duka yaka ruhewa."

Kawu bai bar dukiya ba, ko gonar kirki. Ashe duk shekarun nan iyayen mutane yake yi wa hidima, don kada ya tsallake tasa uwar. Allah Ya haskaka kabarinsa, da na duk wanda ke kwance a kufan nan.