Kwamfutar da Aka Girke a Shagon Baffansa

Ina tankaɗen garin gero a tsakar gida da hantsi, ƙanwar mijina ta shigo ba sallama ta tsaya a kaina. Sai da na ɗago ta ce motar da ta taso daga Dutsin-Ma ta yi karo da wata mai ɗauke da tumatir daga Zobe, kuma yaron yana gaba kusa da direba. Na tambaye ta ko an kai shi asibiti. Ta ce an kai shi, amma ba don magani ba. Na ajiye rariya, na yi istirja'i, na shiga ɗaki. A lokacin mijina ya daɗe da rasuwa, ina zaune a gidansu a Kurfi ina koyarwa a wata islamiyya, karatuna na boko ya tsaya a sakandare. Yaron shi ne ɗana na fari. Mu asalinmu Fulani ne daga wajen Barkiya. Fulatancin ya bar bakinmu amma kunyar ta zauna. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, shi kuma Adda yake ce mini kamar yayarsa.

Da ya samu gurbin karatun kwamfuta a Dutsin-Ma, aka ce dole ya mallaki tasa. Aka sayar da bijimin da ya gada daga mahaifinsa. Shi laftof yake so, wadda zai sa a jaka ta kwana inda ya kwana. Baffansa, wan mahaifinsa, wanda muke kira Alhaji, yana da shagon cajin waya da hoton takardu a bakin titi. Ya ce a'a, a sayi babbar kwamfuta ta girke, a haɗa da tabilet, wannan mai kama da babbar waya, yaron ya riƙa shiga aji da ita. Hujjarsa ita ce laftof a ɗakin ɗalibai kayan ɓarayi ce, ta girke kuwa ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin gyara, kuma biyu ai sun fi ɗaya. Ya ƙara da cewa yaran yanzu ba don karatu suke rataya jakar ba, don 'yan mata ne. Tunda gidanmu wuta ba ta zama, shi kuma yana da sola, sai a girke ta a shagonsa.

Kafin a yanke magana yaron ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina. Ya yi mini bayani a hankali cewa tabilet ta karatu ce da kallo, aikin da za a riƙa ba su ba ya yiwuwa a kanta, in aka girke babbar a Kurfi to kullum yana kan hanya. Ya roƙe ni in sa baki ko da kalma ɗaya ce. Na fahimce shi sarai, na kuma san gaskiya ya faɗa. Amma na ce masa ya tashi ya je wurin iyayensa maza, yaushe na fara shiga maganarsa. Da aka zauna a zaure aka kira ni bakin ƙofa, Alhaji ya tambaye ni yana murmushi ko uwar yaro tana da ta cewa. Ya san ba zan iya ba. Ya san in na goyi bayan ɗan fari a gaban surukai, kafin la'asar labari ya zagaye dangi cewa ba ni da kunya. Na ce duk yadda suka yi daidai ne.

Haka karatun ya tafi. Duk ƙarshen mako yana kan hanyar Kurfi. In ya iso ba ya zama kan aikinsa sai ya gama na shago: buga takardun mutane, cike wa 'yan jarrabawa rajista, katin ɗaurin aure. Alhaji yakan kira shi farfesa a gaban masu cajin waya, ya ce farfesa ya taimaka ya buga wa talakawa takarda kafin ya ƙera jirgi, su yi ta dariya. In ya ce aikin makaranta yana jiransa, sai a tuna masa wutar wa yake sha. Wata rana ya ce kuɗin mota yana cinye abincinsa, Alhaji ya ce ubansa har ya koma ga Allah a ƙafa yake bin shanu, in hanya ta yi masa nisa ya ajiye bokon ya zo ya riƙe shago, dama can nan zai ƙare. Ina jin duk wannan daga bakin ƙannensa. Abin da nake iya yi shi ne in dama fura mai yawa in ba ƙanwarsa ta kai masa, in ce ta ce ita ta ajiye masa.

A shekarar ƙarshe aka ba su babban aikin kammalawa. Ya roƙi a bar shi ya ɗauki kwamfutar zuwa Dutsin-Ma har ya gama, ya dawo da ita. Lokacin rajistar jarrabawa ne, shago cike. Alhaji ya ce in an ɗauke inji shago ya ci me, malamin da ke duba aikin in yana so shi ma ya hau mota ya zo Kurfi. Yaron ya ce da bijimin mahaifinsa aka saya. Wannan ce kaɗai ranar da ya mayar da magana, kuma a ranar Alhaji ya aiko a gaya mini in ja wa ɗana kunne. Na ja masa. Na ce ya je ya ba baffansa haƙuri, ya je ya bayar. Daga nan zuwansa ya koma har tsakiyar mako, ya rame, ya daina zama ko'ina sai shago da tasha. Ranar da abin ya faru, gyara malaminsa ya ba shi, ya taho Kurfi don ya yi.

A zaman makoki ban yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna ta yabona, wai na cika 'yar Fulani, ko hawaye babu. Daga zaure ina jiyo Alhaji yana gaya wa masu gaisuwa cewa shi ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa, kwamfuta ma ba ɗaya ya saya masa ba, biyu. Ana yin sadakar uku ya buɗe shago. Ya tarar yaron ya kulle kwamfutar da lambar sirri, ya kira mai gyara ya goge komai don aiki ya ci gaba. Bayan kwanaki abokan karatunsa suka zo gaisuwa, suka nemi a ba su aikin nasa su kai wa malamin, ko a ajiye da sunansa tunda ya kusa gamawa. Alhaji ya ce musu mamaci ba ya karɓar takardar shaida, su yi masa addu'a ta fi. Ɗaya daga cikinsu ya shigo ya durƙusa ya gaya mini. Na ce Allah Ya yi musu albarka.

Ban ce kwamfuta ta kashe shi ba, ban kuma ce Alhaji ba. Kwana ya ƙare, ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne yadda ya yi shekarunsa na ƙarshe: a gajiye, ana yi masa dariya a kan abin da aka saya da gadonsa, kuma wadda ya zo wurinta ta kore shi. Iyaye, in za ku saya wa yaro kayan karatu, ku tambaye shi, shi ya san aikin da aka ɗora masa. In wani ya kawo shawara mai daɗin ji, ku duba a ɗakin wa kayan za su kwana. 'Yan'uwana mata kuma, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma akwai masu sanin ba za ki yi magana ba, su gina nasu a kan shirunki. In ba za ki iya faɗa da bakinki ba, ki nemi wanda zai faɗa a madadinki. Ina da wa a Kutawa da ake jin maganarsa, ban aika masa ba.

Kwamfutar tana nan a shago tana aiki. Ni da Alhaji muna gaisawa kowace safiya, ban taɓa tayar masa da maganar ba. Kayan yaron suna ɗakin da ya kama haya a Dutsin-Ma. Mai gidan ya aiko a zo a kwashe, har yau ban je ba.