Gyauro a Gindin Turmi

Ni ne mai laifi, kuma na daɗe da sanin haka. Na yi wa kakata Iya Dije abin da bai kamata jika ya yi ba, na fake da wasan jika da kaka, na bar maganar ta shekara ashirin da ɗoriya ban ce ta yafe mini ba. Abin da ya tono mini ita kuwa, har kunyar faɗa nake ji: wani sabon shirin Turawa ne na talabijin da na kalla a gidan Kawuna a Rijiyar Zaki. Amma sai na fara daga tsakar gidanmu, can ƙauyenmu na bayan Minjibir, in ba haka ba ba za a gane ba.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, Iya takan tara kara a ƙofar ɗakinta ta hura wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da 'yar ƙwaryar gyaɗa a gabansa, domin Iya ba ta yi wa hannun da ke zaune tatsuniya. Kana ɓara kana ji. In ta ji wani yana tauna, sai ta ce, "Akwai ɓera a cikinmu," ta ci gaba da labarinta ko kallonsa ba ta yi.

A wurinta tatsuniya akuya ce a turke. Kafin ta fara sai ta ce, "Zan kwance ta, wa zai tare?" Amsar kuwa tawa ce, don ni ne babba a jikoki maza, ni take ce wa Maigida. Sai in ce, "Kwance ta, Iya, mun tare." In ban amsa ba, ba a farawa. In na yi jinkiri sai ta ce, "Maigida, amarya ka yi ne ka daina jin muryata?" Ni kuma in ce, "Dole in yi, haƙoranki ma sun gudu sun bar ki." Ta yi dariya har da tari. In labari ya ƙare ta ce, "Na mayar da ita turke," kowa ya miƙa gyaɗarsa ya tashi.

Akwai wata ɗabi'arta da ban taɓa ji wurin wata tsohuwa ba. A cikin tatsuniya sai ta sako wani mutum da ba shi da aikin komai, ya wuce ta gefe kawai. In mun tambaya wane ne, sai ta ce, "Ku bar shi ya faɗi ƙasa, gyauro ne." Gyauro shi ne hatsin da ya zube lokacin girbi, ba wanda ya shuka shi, sai an yi ruwa ka ga ya tsiro da kansa. Bayan kwana biyu ko wata guda, sai mutumin nan ya fito da tasa tatsuniyar, wani lokaci ma ta fi uwar daɗi.

Shekarar da nake magana, ina ɗan sha huɗu. Ruwa ya ɗauke hatsi yana bunni, bai yi ido ba, fara kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tun sanyi bai fita ba rumbunmu ya yi ƙasa. Aka sayar da awaki, aka sayar da kaji har zakara. Tuwo ya koma kunu, kunun ma ya koma na dusa. Ba gyaɗar ɓara a shekarar, amma Iya ba ta fasa hura wutarta ba.

A lokacin ta ba mu labarin garin da sama ta ƙi ba shi ruwa shekara bakwai. Wani mai gyartai ya tattara fasassun ƙoren garin duka, ya ɗinke su suka zama ƙwarya guda mai girman fili. Mutane suka shiga, guguwa ta ɗauke su ta yi sama, suna ta tafiya tsakanin taurari suna neman ƙasar da ake ruwa. A can gefen ƙwaryar akwai wata mace da gora ɗaure a ƙugu, ba ta ce da kowa uffan ba. Muka ce wace ce? Iya ta ce gyauro ce.

Ba a yi mako ba ta kwanto ta. Sunanta Ta-Gora, abin da ke cikin gorar kuwa irin gero ne. Tafiya ta yi nisa, guzuri ya ƙare, mutanen ƙwarya suka taso mata: ki ba mu mu dafa. Ta ce, "In kun ci, da me za ku gaida ƙasar in mun sauka?" Iya ta ja labarin kwana uku. Ta kuma ce mana, "Wannan ta manya ce, ku ɗauki abin da za ku iya ɗauka." Na lura tana ɗaga murya fiye da yadda ta saba, tana karkata fuska wajen darnin da Baba, ɗanta, yake zama a bayansa.

Daga baya na gane dalili. A ƙarƙashin gadonta akwai tulu da ta liƙe bakinsa da laka, cike da irin wani gajeren gero mai saurin nuna, wanda ta zo da shi daga gidan ubanta. Baba ya sani. Ya taɓa yi mata maganar, ta ce abin da ke ɗakinta ba na tukunya ba ne. Shi ba zai iya shiga ɗakin uwarsa ya ɗauka ba, ita kuma ba za ta yi wa magidanci faɗa a gaban 'ya'yansa ba. Shi ya sa ta bi ta tatsuniya. Ƙananan yara ba su san da tulun ba. Ni na sani, don na taɓa leƙawa.

Ni kuma a watan na dawo daga Rijiyar Zaki, inda aka tura ni gidan Kawu na yi kwana ashirin don a rage baki a gida. A can na fara ganin talabijin sosai. Akwai wani shiri na jirgin da ke yawo a sararin samaniya, ana harbi da bindigar wuta, ƙofofi na buɗe kansu. Ban ji ko kalma ɗaya ta Turancinsu ba, amma na dawo ƙauye ina jin na ga duniya, kowa kuma bai gani ba.

Ranar da za ta ƙarasa labarin Ta-Gora, muka zauna. Ta ce, "Zan kwance ta, wa zai tare?"

Na yi shiru.

"Maigida, amaryar birni ce ta toshe maka kunne?"

Na ce, "Iya, ƙwarya ba ta tashi. Ni na ga jirgi na gaske a talabijin. Naki duk ƙarya ce."

Yara suka yi dariya, ita ma ta yi. Har nan wasa ne, irin wanda aka yarda jika ya yi. Ta ce, "To ɗauke ni a jirgin naka mana, in ga ko za ka iya ciyar da ni a sama."

Da na tsaya nan, da ba abin da zan rubuta yau. Amma dariyar ta yi mini daɗi, yunwa kuma ta sa ni jin haushi. Na ce, "Ai mun san Ta-Gora. Gorarta tana ƙarƙashin gadonki. Muna shan dusa, ke kina kwana a kan gero."

Ƙanwata Hanne, mai shekara huɗu, ta ce, "Iya, da gaske kina da gero?" Sai ta fara kuka, sauran ƙanana suka kama. Iya ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake wa baƙon da ba a gane ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta jawo tulun har bakin wuta, ta fasa lakar da hannunta. Tana iya hana ɗanta babba, amma ba ta iya kwana a kan hatsi bayan yara sun san yana nan.

Washegari aka surfa shi. Kwana huɗu muka yi muna cin tuwo. Na ci, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa.

Da ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa. Baba ya yi ta ƙodago a gonakin mutane kafin ya samo iri, ya shuka a makare, irin kuma mai dogon zango ne. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri bai kai ba. Da geron Iya ne, da ya kai. Muka shiga shekara ta biyu ta yunwa, Baba ya tafi ci-rani kudu, aka kai Hanne riƙo Bici, a can ta girma har aka yi mata aure.

Iya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ta ci gaba da ce mini Maigida. Sai dai daga ranar ba ta ƙara kwance tatsuniya ba. In yara sun roƙa sai ta ce, "Ba mai tarewa." Abin da ta yi shi ne, a damunar nan ta ga wasu 'yan tsirrai a gindin turmi, inda tsaba ta fallatsa ranar surfe. Da yake ba kaji a gidan, ba abin da ya tsince su. Ta kewaye su da ƙaya, ta hana a daka komai a wurin. Zangarniya bakwai ta samu. Sai da ta shekara uku tana juya su a bayan ɗakinta kafin iri ya isa gona. Geron da nake shukawa yau, jikan gyauron nan ne.

Na girma ina gaya wa kaina cewa yaro ne ni, wasa ne, yunwa ce. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, nakan kai mata goro da sabulu, ina ganin kamar hakan ya wadatar.

Watan jiya na shiga birni neman taki, na kwana gidan Kawu. Ɗansa Nura da abokansa suna falo, sun kori yara. Ya ce, "Yaya Habu, zo ka ga wani abu. Ka tuna shirin jirgin nan da kake mutuwar so da? An fitar da sabo daga jikinsa, har an fassara. Akwai wata mata mai makullai da take wucewa a tsohon, ko magana ba ta yi. To ita aka ba nata labarin. Amma wannan na manya ne."

Kafin in ankara bakina ya ce, "Gyauro ke nan."

"Me, Yaya?"

Na ce ba komai, ya kunna.

Bai yi kama da wanda na sani ba. Jirgin ya tsufa, ya yi tsatsa, fitilunsa suna farfari. Ba harbi, ba gudu. Mutanen ciki duk sun rame, suna bin layi ana zuba musu wani abu kamar kunu. Mai fassarar yana ta barkwanci, yana kiran shugaban jirgin Alhaji, samarin suna dariya, ɗaya yana cewa shirin ba zafi, a mayar tashar ƙwallo. Ashe matar nan ɗaki take tsaro, ɗaki mai sanyi cike da irin shuka na duniyar da suka baro. Mutane suka taru a ƙofar. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ita. Sai aka daɗe ana nuna fuskarta kawai, leɓenta a bushe. A nan kashi na farko ya ƙare.

Nura ya ce, "Yaya, ya ka gani?" Na ce barkono ne ya shiga idona, alhali ba abin da muke ci.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, jirgin da na kira na gaske, shi ma ɗinki ne kamar ƙwaryar mai gyartai. Mutane ne suka zauna suka ƙaga shi. Na girmama nasu don yana walƙiya, na raina nata don a bakin wutar kara ake ba da shi. Na biyun ya fi ciwo. Duk shekarun nan ban taɓa tunanin cewa Iya ma yunwa take ji ba. Ita ce take kwana a kan tulun kullum, da cikinta wayam, ba ta taɓa ko tsaba ɗaya ba. Sai da wata Baturiya ta yi wasan kwaikwayon yunwa a gabana sannan na ga fuskar kakata.

Na koma gida ban sayi takin ba. Iya yanzu ba ta gani, ba ta fita sai bakin ƙofa. Na jira har bayan magariba, don ba a tatsuniya da rana. Na tara kara na hura wuta, na kira 'ya'yana na ba kowa ƙwaryar gyaɗa.

Ta ce, "Wa ke ƙona mini kara?"

"Ni ne, Iya."

"Maigida? Yau amaryar ta kore ka ne?"

Na ba ta labarin shirin, da jirgin, da matar mai makullai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ta buɗe musu?"

Na ce, "Ban sani ba. Nan aka tsaya."

Ta ce, "Kai dai ba ka da sa'ar jin ƙarshen labari."

Na sauko daga kan turmin da nake zaune, na durƙusa, na kama ƙafarta a gaban 'ya'yana. Na ce, "Iya, ba wasa na yi miki ranar tulun nan ba. Cin mutunci ne, kuma na sani tun a lokacin. Ni na fasa tulun, ba ke ba. Ni na jawo mana shekara ta biyu, ni na sa aka kai Hanne riƙo, ni na hana ƙannena jin muryarki. Na kira ki maƙaryaciya kina tsare mana abin da har yau muke ci. Ki yafe mini don Allah. Kin yi tambaya na ƙi amsawa, ga amsar na kawo, ko da ta makara. Kwance ta, Iya. Na tare."