Kakana da Asalin Kalmomin Turanci

Wata safiya a daminar 1953, muna noman farko a gonar kakana da ke bayan garin Batsari, bakina ya jawo mini wahalar da na yi wata da watanni ina sha. Ina aji uku na elementare, an fara koya mana Turanci, kaina ya kumbura. Na miƙe daga kan kunya na share gumi, na sanar da duk wanda ke gonar cewa gero sunansa "millet". Kakana, wanda kowa ke kira Malam saboda shi ke ba da karatun littattafai a zaurenmu, yana zaune a gindin gawo da carbinsa. Ya yafito ni ya ce, "To ɗan boko, wannan kalma taka, wa ya haife ta?" Na yi dariya, na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ashe da gaske yake.

Shi Malam a wurinsa komai yana da asali. Bai taɓa sayen saniya bai tambayi garken da ta fito ba, kuma duk littafin da ya karantar sai ya lissafo malamin da ya ba shi, da wanda ya ba malamin. Kalmar Larabci kuwa sai ya bi ta har saiwa kafin ya faɗi ma'anarta. Don haka kullum da la'asar, lokacin da sa'o'ina ke langa a dandali ina jiyo ihunsu, ni ina durƙushe a zaure ana tuhumata kamar wanda ya saci akuya. Ranar da na kawo masa "big" da "large" da "great", na ce duk babba suke nufi, har ajiye carbi ya yi. "Kalma ukku aiki guda? To biyu zaman banza su kai, ko kuwa malaminku ya ɓoye maku bambancin. Koma ka tambayo shi." Ga ɗebo ruwa yana jirana, ga ciyawar jaki ban yanko ba, ga Inna tana faɗa a cikin gida. Haushi kamar ya kashe ni.

Na koma na tambaya, sai na faɗa wata sabuwar masifa. Malam Iro, malaminmu na Turanci, saurayi ne ɗan birni mai farin gajeren wando, kuma ya ɗauka raini ne ya sa nake tsare shi da tambaya a gaban 'yan aji. Tambayar farko ta jawo mini sharar fili. Ta biyu ta jawo bulala. Ta uku ya sa na cika randar makaranta ni kaɗai. Gaba kura baya sayaki: in na yi shiru a aji in sha tuhuma a gida, in na buɗe baki in sha dukan da ban ci ba ban sha ba. Har addu'a na riƙa yi Turawa su tattara kalmominsu su koma inda suka fito.

Da gero ya fara fitar da kai, kakana ya yanke hukunci. Ya ce ilimin da ba a san tushensa ba bai ga dalilin ba shi jikansa ba. Dagaci dai yaro ɗaya ya nema daga gidanmu don makarantar boko, saboda haka bayan girbi zai tura wani ya maye gurbina, ni kuma in tafi Ruma wurin kawuna in bi shanu. Duk ƙorafina, ina son makarantar nan kamar raina, kuma na sa rai da makarantar midil ta Katsina. Washegari Malam Iro ya same ni a bayan aji ina kuka, ya matsa, na kwashe komai na gaya masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a ƙofar zaurenmu, ya sa riga da hula. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, aka yi doguwar gaisuwa. Ni na tabbata zai kawo wani dogon bayani ya kare kansa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, asalin kalmomin nan ban san shi ba. Wanda ya koya mani ma bai faɗa mani ba. Amma yaron nan yana da kai, a bar mani shi." Kakana ya dube shi ya ce, "Malamin da ya iya cewa bai sani ba, ana ba shi yaro. Ka tafi da shi." Kada a zaci daga nan na huta. Tambayar ba ta fasa ba ko kwana ɗaya, sai dai yanzu mu biyu take wahalarwa.

Kakana ya rasu ina shekarar farko a midil. Bayan nan ne na ci karo da wani ƙaton ƙamus a makaranta, wanda ke faɗin inda kowace kalma ta samo asali. Na buɗe "school", na tarar daga Girkanci ta fito, kuma ma'anarta ta farko hutu. Na yi dariya har hawaye, don na san da ya ji wannan, da ya tara duk unguwa ya shaida musu cewa boko gudun noma ne, ga shi masu abin sun faɗa da bakinsu. Sai dariyar ta tsaya, na rasa wanda zan kai wa.

Yau jikokina kan latsa waya, kafin ƙiftawar ido ta ba su ma'anar kalma da 'yan uwanta da asalinta. Nakan tare su da tambaya, su ce Kaka ya cika damun mutane, su bar ni a zaune. Amsa ta yi arha, mai tambaya ne ya yi wuya.