Jar Saniyar Wakili a Allon Rahmatu

Duk wanda ya aurar da ɗiya a garin Isa cikin 'yan shekarun nan ya san aikin Rahmatu mai zane, ko da bai san fuskarta ba. Ita ce take tsara katin gayyata da sitikar biki da kalandar da ake rabawa ranar suna. Shagonta ɗan ƙarami ne kusa da tasha, sola a kan rufi, fanka mai kuka a kusurwa. In ka shiga za ka tarar ta zuba wa allon kwamfuta ido, baki a ɗan buɗe, hankali ya yi nisa, sai ka sake sallama kafin ta dawo. Maƙwabta suna tsokanarta cewa kwana kawai take yi a Isa, yini kuwa a wata ƙasa take yin sa.

Ba su yi ƙarya ba. Da aiki ya lafa sai ta kunna wasan tuƙin mota, ta hau wata hanya mai bin gefen teku, wadda babu shinge a kanta, babu mai cewa a juya an hango baburan ɓarayin daji a gaba. Ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ta fi direbobin tashar nan ganin duniya, kuma ba ta taɓa sayen mai ba.

A ruga aka haife ta, can wajen Burkusuma. Tun tana yarinya take zanen shanu da gawayi a bayan ƙwarya, uwarta tana faɗa tana wankewa. Mahaifinta Wakili yana da garken rahaji, jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, kuma shi mutum ne da ya fi hira da shanu a kan mutane. Ranar da ɓarayin daji suka kora garken, ba su taɓa kowa a gidan ba, amma da bakin Wakili suka tafi. Aka dawo Isa. Rahmatu ta koyi kwamfuta ta buɗe shago, shi kuma ya samu gindin dalbejiya ya zauna. Yana amsa gaisuwa, yana zuwa masallaci, shi ke nan. Wannan shirun ya fi komai cin ran Rahmatu, don ta san muryar da ke binne a ƙarƙashinsa.

Hoto ɗaya ya rage a wayarta, na Woɗe, saniyar da Wakili ya fi so, wadda yake ba gishiri daga tafin hannunsa. Rahmatu ta ɗauki hoton ta gyara, ta goge duhun, ta ƙara masa girma, ta lallaɓa uban ya zo shago. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wagga ba ita ta ba." Ya ɗauki sandarsa ya koma gindin bishiya.

Ta ɗora laifin a kan monitarta, wato allon kwamfutar, kuma tsohuwar monitar ta cancanci zargi. Ta soma mai da komai kore-kore, har wata amarya ta taɓa zuwa tana masifa an maishe ta ganyen yakuwa. Rahmatu ta yi ta bincike da tambaya har ta gane monita iri biyu ce ke gabanta. Akwai ta 'yan wasa, mai saurin motsi, wadda mota ba ta yin inuwa a kanta in ta sha kwana. Akwai kuma ta masu zane, wadda launin da ta nuna maka shi ne zai fito a takarda. Ɗaya za ta iya ɗauka, kuma ta riga ta yanke: ta masu zane. A ganinta, in allo ya faɗi gaskiya, dole Wakili ya gane saniyarsa.

Ta ce masa rakiya take so zuwa Sakkwato. Bai tambayi dalili ba, ya saɓa sanda.

Mai shagon kwamfutocin da suka shiga, Shamsu, irin mutanen nan ne da za su iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka. Ya jera mata biyun gefe da gefe. Ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ba ado. Ɗayar kuwa faffaɗa ce mai lanƙwasa kamar gefen akushi, launi yana tsalle a cikinta.

"Hajiya, wagga ta samari ta," in ji shi, yana shafa mai lanƙwasar. "Ja nata ya hi ja. Amma tunda kin ce bugawa kike, ga malamar gaskiya nan, ba ta ƙari ba ta ragi."

Ta ba shi hoton ya sa a malamar gaskiya. Woɗe ta fito. Sai yanzu Rahmatu ta ga abin da ba ta taɓa yarda ta gani ba. Da bazara aka ɗauki hoton, kafin ruwan fari. Saniyar a rame take, haƙarƙari a waje, jan nata ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Allon bai yi mata sharri ba, haka take a ranar. Wakili ya kalla, ya kau da kai yana duban masu wucewa a titi.

Shamsu, don dai kada ciniki ya mutu, ya tura hoton kan ɗayar.

Nan saniyar ta tashi jawur, jan da yake a gabas kafin rana ta leƙo. Faɗin allon ya cika mata ciki, ƙahonin suka miƙe suka bi lanƙwasar, busasshiyar ciyawar da ke bayanta ma ta yi ruwan zinari. Duk mai zane ya san wannan ƙari ne. Rahmatu ta buɗe baki za ta ce a kashe, sai ta ji wani sauti a bayanta, dogo, mai hawa da sauka, daga can ƙasan maƙogwaro. Kiran da Wakili yake yi wa garke ne in za a tashi daga mashaya. Yana tsaye tsakiyar shagon, hannu a miƙe, tafin a buɗe. Masu gyaran waya suka bar aiki suka leƙo.

"Woɗe," ya ce. "Ke ta nan? Ina kika shiga?"

Ya juyo ga ɗiyarsa, idanunsa sun cika. "Kin gani? Haka take. Da damana in ta hito gulbi, haka take."

Rahmatu ta dubi allon da ta zo saye, wanda zai sa katunanta su fito daidai, amare su daina masifa. Ta dubi wanda ya sa ubanta magana.

"Wagga za ni ɗauka," ta ce.

"Hajiya, katunanki hwa?"

"Ni ka sanin yadda za ni yi da su."

Kuma ta sha wahala, ba a ɓoye ba. Abin da ta gani jawur sai ya fito a takarda fari-fari. Dole ta koyi ƙara launi da ƙiyasi, ta buga gwaji, ta fita rana ta duba, ta dawo ta sake. Aikin da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta la'asar. Hanyar bakin tekunta dai ta yi santsi yadda ba ta taɓa yi ba, sai dai lokacin hawanta ya ragu, don kujerar ta samu mai ita.

Kullum da hantsi Wakili yake zuwa. Ya zauna, a kunna masa Woɗe, ya yi ta ba ta labari da Fulatanci, daga nan ya gangaro kan masu jiran kati, ya ba su labarin mashayar da suke bi a hayin Nijar, da shekarar da ruwa ya ci gero har Gangara. Wasu ma ba kati ya kawo su ba yanzu.

Rahmatu kuwa ta shiga wata 'yar sata. In ya tafi sallah sai ta buɗe hoton, ta ɗan rufe haƙarƙari ɗaya, ta ɗan ƙara tozo, ta tsiro da koren ciyawa a gefe. Kaɗan-kaɗan, yadda ba zai lura ba. Shi kuma ya zo ya gyaɗa kai ya ce kiwon bana ya karɓe ta. Tana jin daɗi, tana kuma jin tsoro. Ba ta san ko tana warkar da ubanta ba ne, ko tana raba shi da hankalinsa.

Wata safiya ya daɗe yana kallon cikin saniyar, wanda hannun Rahmatu ya ɗan zarce a kansa. Ta tsaya bayansa. Bai juyo ba.

"Rahmatu."

"Na'am, Baba."

"Na san hannunki tun kina ɓata ƙoren uwarki da gawayi." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin rawani. "In za ki sa ta haihu, ki yi muna mace. Garke da mace aka tada shi."