Tokar Kaskon Turare

Alimatu ba ta yarda da duk wani abin wanki da sai an sa safar hannu kafin a taɓa shi ba. A Zangon Aboabo na Kumasi aka haife ta, uwarta mai sayar da shinkafa da wake ce a bakin tasha, kuma tun tana 'yar shekara bakwai ita ke kankare ƙatuwar tukunyar nan da toka da soso. Can ta haddace sana'arta kaf. Toka ke cin baƙin tukunya, kanwa ta narkar da maiƙo, lemon tsami ya kori ƙarni, abin da ya rage kuma na sabulun salo ne.

Da ta zo Doha, wani kamfanin share-share ne ya ɗauke ta, tana goge ofisoshi a Mushairib. Shekara biyu cur tana fama da ruwan bilic, har fatar hannunta ta ɗaye kamar ɓawon albasa. Ta tsani abin nan, wallahi ta tsane shi.

Ana nan sai Allah ya haɗa ta da Dakta Safiyyatu, likitar yara 'yar Kano, mai gida a Al Aziziya. Aka yi magana a fili: wata ɗaya na gwaji. In aikin ya yi, Dakta za ta zama kafil ɗinta, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar, takardar zamanta ta dawo gidan. In bai yi ba, Alimatu ta koma kamfani, ta koma wa bilic.

A saman benen gidan akwai wata tsohuwa, Hajiya Larai, mahaifiyar Dakta. Tun da mijinta ya rasu aka ɗauko ta daga Kano, wata takwas ke nan ba ta saukowa sai dole. Abinci loma biyu, magana ɗaya biyu. In an tambaye ta me ke damun ta, sai ta ce gidan warin asibiti yake yi.

Ranar farko Alimatu ta tattara kwalaben wanki ta kulle a sito. Lemon tsami kam ga shi jibge a kasuwa, kanwa da sabulun salo suna cikin akwatinta. To, toka fa? Garin da kowa ke girki da gas da lantarki, ina za a ga murhu? Kwana biyu abin yana cin ta, sai idonta ya faɗa kan kaskon turaren wuta. Ashe kowane gida a layin yana ƙona gawayi safe da yamma don turare! Ta bi masu aikin maƙwabta da gwangwani tana roƙon toka. Wasu suka ɗauka magani take haɗawa, ita kuwa ko a jikinta.

Ta tankaɗe tokar, ta kwaɓa da ruwa, ta zauna dirshan a ƙasan kicin tana dirzar tukunya. Can ta ji murya a kanta.

“Ke! Wa ke wanke tukunya da toka a ƙasar nan?”

Hajiya ce, riƙe da ƙofa.

“Ni ce, Mma,” in ji Alimatu.

“Ba haka ake yi ba. Ruwan ya yi yawa, kunu kike damawa? Matsa.”

Tsohuwa ta naɗe hannun riga ta zauna. Daga ranar kicin ya zama fagen gardama, Kano da Kumasi, kowacce na rantsuwa uwarta ta fi iya wanki. Tukwane suka yi ƙyalli, ga ƙamshin turare a jikinsu. Hajiya ta fara cinye tuwonta har da neman ƙari. Dakta dai tana fita da asuba ta dawo a gajiye, gida kawai take gani fes.

Saura kwana uku wata ya cika, baƙi suka bar tabon shayi a kan farin teburin dutsen mabul na falo.

“Abu mai sauƙi,” in ji Hajiya. “Matse lemon tsami, ki barbaɗa gishiri, a bar shi ya jiƙu.”

Alimatu ma haka ta sani. A gidansu na Kumasi daɓen siminti ne, ka matsa masa lemo buhu guda ba abin da zai same shi. Suka matse guda uku, suka tafi sallar Azahar. Da suka dawo tabon shayi ya tafi, amma ya tafi da ƙyallin dutsen. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi fari fat, ya yi kaushi.

Alimatu ta goga man zaitun, ta goga man kaɗe, ina! Warin bilic har ya fara dawo mata a hanci.

“Ɗora tulun furen can a kai,” Hajiya ta raɗa mata. “Wa zai sani?”

“A'a, Mma. Ni zan sani.”

Dakta na shigowa, ko jaka ba ta ajiye ba, Alimatu ta kai ta gaban teburin ta faɗi komai.

“Inna lillahi! Lemon tsami a kan mabul? Alimatu, tsami cin dutsen nan yake yi! Me ya hana ki tambaya?”

“Kar ki yi mata tsawa, ni na sa ta!” Hajiya ce ta fito daga kicin, toka har gwiwar hannu.

“Mma, hannuna ne ya matse.”

“Bakina ne ya faɗa!”

“Amma ni ce mai aikin.”

“Ji min 'yar Gana da taurin kai! Laifin ma sai kin ƙwace min?”

Dakta ta yi tsaye tana kallon uwarta. Rabon da ta ji wannan murya ta ɗagu haka tun mahaifinta na da rai. Ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

“Umma, ke ce da toka haka?”

“To da wa? Tukwanen gidanki ne za su wanke kansu?”

Dakta ta share ido da gefen mayafi, ta juya ga Alimatu. “Khalas, shi ke nan. Gobe ki ba ni fasfonki a fara takardun. Amma lemon tsami kar ya ƙara shiga falon nan.”

Alimatu ta durƙusa za ta yi godiya, Hajiya ta ja hannunta ta ce a tashi, akwai sauran tukunya biyu.

Shekara huɗu ke nan Alimatu tana gidan, fatar hannunta ta koma luwai. Dakta ta so ta kira masu goge dutse su gyara teburin, Hajiya ta hana. Kullum da la'asar, daidai kan farin tabon nan take ajiye kofin shayinta, ta ƙwala wa Alimatu kira ta kawo nata.