Na Je Wankan Jego, Na Ɓuge da Sauraren Injuna

Mun tashi da asuba, tun masallacin unguwa bai watse ba, ni da wani maƙwabcinmu mai fataucin kaya da aka damƙa ni a hannunsa. Ni da ko Zariya sai an yi da gaske nake zuwa, ga ni zan tafi ƙasar Sin. 'Yata ta fari ce ta haihu a Guangzhou, inda take karatu ita da mijinta, kuma babu mai yi mata wankan jego. A jakata akwai kanwa da daddawa da kuka da yaji, sai zanen goyo biyu.

Jirgin sama biyu muka hau kafin Hong Kong, daga nan sai jirgin ƙasa. Ta taga na ga gonakin shinkafa da ayaba da kududdufan kifi, da dogayen gine-gine da aka kewaye da tsanin gora. Garin kuwa kekuna da babura kamar an buɗe musu ƙofa. Zafinsu mai jiƙa ne, zani sai ya yi kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Kalmar da na fara koya ita ce "meyo", wato babu. Na zaga kasuwa da surukina muna neman ganyen darbejiya na wanka, kowa meyo. Kabeji da kifi kamar kyauta, tafarnuwa tuli, amma darbejiya meyo. Da ruwan zafi zalla muka yi. A titin Huanshi akwai Musulminsu masu jan taliya da hannu, a nan wani ɗan Gana ya ce mini "Sannu, Hajiya", na kusa kuka.

Jaririn namiji ne, don haka na samu sabon maigida. Amma uwarsa ba ta cikin hankalinta. Tana shan kunun kanwa idonta na kan takardu. Da na matsa mata ta faɗa mini. Aikinta lissafin ambaliyar kogi ne. Kwamfuta goma sha shida aka haɗa da waya, kowacce a ba ta yankinta na kogin ta lissafa, ta aika wa babbar kwamfuta, uwarsu, saƙo ta haɗa jimla. To, tambaya ɗaya, amma duk gwaji amsa sai ta bambanta a can wutsiyar lambobi. Da yake lissafin gobe a kan na yau ake ɗora shi, bambancin sai ya yi ta girma, har gwaji ɗaya ya ce ruwa zai haura gaɓa, wani ya ce ba zai haura ba. Malaminta ya ce sai amsa ta zo iri ɗaya sau biyu zai sa hannu. In wata ya ƙare bai sa ba, sai ta ƙara shekara a can da jinjiri.

Mai jego ba ta fita kafin arba'in, na sani. Na naɗe ta da mayafi biyu, na goya maigida, muka tafi jami'ar tare. Kada ku faɗa wa ƙannen babanta.

Ɗakin sanyi kamar randa, injunan a jere a kan kanta. Aka ba ni kujera a lungu. Ban san ko harafi ɗaya a allon ba, amma kunne Allah ya ba ni, ni da nake gane mai dakan kowane gida daga ƙarar taɓarya. Kowace in ta gama aikinta sai ta yi wani ƙirr kamar ɓera a kwano. Kwana uku ina jin su. A na ukun, 'yar tawa ta dafe kai, sai na ce, don dai in ɗebe mata kewa:

"Ke, waɗannan ƙawayen naki ba su da tsari. Ɗazu ta bakin taga ce ta fara gamawa, yanzu ta bakin ƙofa. Mai tarin nan ta tsakiya kuwa wani lokaci ta uku, wani lokaci ta ƙarshe."

Ta ɗago. "Umma, sake faɗa."

Na sake. Sai ta fara dariya tana share ido.

"Umma, in mudu ya yi tozo kika ƙara ɗan tsunkule, me zai faru?"

"Zubewa zai yi mana."

"In kika fara tara tsunkulen a gefe har ya cika hannu fa?"

"Wannan ai sai a lissafa shi."

Ashe injin ma mudunsa da iyaka, lambobi kaɗan yake iya riƙewa, saura ya zube. Uwar kuma duk wadda saƙonta ya riga isowa ita take fara zubawa. Tunda jerin isowa na canzawa, abin da ke zubewa ma sai ya canza. Wata biyu 'yar tawa tana zargin waya, tana zargin kanta.

Ta gyara, uwar ta riƙa karɓar saƙo bi da bi, ta ɗaya sannan ta biyu, ko da ta goma ta riga zuwa sai ta jira, kamar gaisuwa a gidan manya. Ta kuma faɗaɗa mudun. Aikin ya ƙara ɗan nawa, amma amsa ta zo iri ɗaya sau uku. Malamin, wani dattijo mai kwalbar shayi a hannu, ya sa hannu. Da aka gaya masa labarin, ya rusuna mini ya ce "she-she", wato na gode. Ni ma na ce masa she-she, don ban san amsar ba.

Bayan arba'in maƙwabcin namu ya gama loda kayansa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, muka juyo. Na iso Kano da fulas ɗin shayi da kumburin ƙafa. Su 'yar tawa kuma suna nan tafe kafin azumi, in Allah ya yarda.

Shekaru ina jin kunyar a tambaye ni me yarinyar nan take karantawa, sai in ce "kwamfuta" in canza magana. Na gode wa Allah da ya kai ni na zauna a ɗakin nan, na ji da kunnena. Jiya ina auna gero, na shimfiɗa faifai a ƙarƙashin mudu. Abin da ya zube na tattara, ya kusa cika hannu.