Ƙafar Maigidana da Gardamar Dattawa

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da kakar da aka yi gayyar ɗora jinka a ƙauyenmu, kusa da Gidan Sori. Shekarar da Nasara ya miƙa mulki ce, ina goyon fari.

Maƙwabcinmu ne ya kira gayyar. Maza sun ɗaga jinkar sabon rumbunsa sai ta kuɓuce, wani itace ya soki maigidana a cinya. Aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da tsumma. Kafin Juma'a ta zagayo ƙafar ta kumbura, ta fara wari, ƙudaje na bin sa har ɗaki.

Kowa ya yarda sai gidan likita a Maraɗi. To, wa zai biya mota da allura da abincin jinya? Dattawa suka zauna ƙofar gidanmu, ina jin su ta bayan danga.

Maƙwabcin, Allah ya ji ƙansa, bai noƙe ba. Ya ce, "A aikina ya ji ciwo. Zan sayar da bijimina."

Yayan maigidana ya zabura. "Haba Malam! Gayya ce fa, ba ƙodago ba. Mu karɓa a ce mun ci diyyar ƙanena? Gobe wa zai sake kiran gayya a garin nan? A jira cinikin gyaɗa, ni zan kai shi."

Sai wani mushen lakol, wato malamin makarantar boko, ɗan garinmu da ya zo ganin gida, ya ce su huta, ai yanzu ƙasa tamu ce. Wanda ke biyan haraji gwamnati ce za ta yi masa magani, kuma ya ji ana cewa motar likita za ta zagayo ƙauyuka. Wallahi maganar ta yi wa kowa daɗi, don ta fid da kowa kunya. Aka shafa fatiha aka watse.

Da Yaya ya shigo dubiya na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah a karɓi bijimin nan."

Ya ce, "Ke, maganar maza ce."

Na saɓa goyo na tafi wurin maƙwabcin da kaina. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai iya tsallake maganar Yaya ba, shi ne babban gida. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mota ba ta zo ba. Haƙoran maigidana suka datse, ko kunu ba ya wucewa. Rai ya yi halinsa, gyaɗa na shanye a gona.

Ranar jana'iza ba wanda ya tambayi wa zai biya likkafani. Nan da nan aka haɗa, har da hatsin sadaka, Yaya ya karɓi na kowa ya yi godiya.

Abin da na koya ke nan. In aka ce wani ba lafiya, ba na bari a shimfiɗa tabarmar shawara. Nakan ce a ɗauke shi tukuna, gardamar wa zai biya a yi ta yana raye, yana ji.